Sofisticado: kalmar da na bi sawunta daga Madrid har Garnaɗa

Idan ka sauka a tashar Serrano da ke kan layi na 4 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Madrid, da ka hau matakala ka fito, ka shigo unguwar masu hannu da shuni. Sunan unguwar Salamanca, amma ba ruwanta da garin Salamanca mai tsohuwar jami'a. Sunan wani attajiri ta ci, José de Salamanca, wanda ya yanka filayenta a ƙarni na 19, shi ya sa titunanta suke a miƙe kamar an ja zare. A kan titin Serrano da na Ortega y Gasset manyan kantunan tufafi da agogo da turare suke jere, kuma a gilashin wani kantin turare na fara cin karo da kalmar nan ta Sifaniyanci: un aroma sofisticado. Ƙamshi ne ake tallarsa, don haka na ɗauka yabo ne tsantsa, wato ƙamshin wayayyu.

Ban yi taku ashirin ba sai ga wasu mata biyu sun tsaya gaban wata riga mai aikin duwatsu. Ɗayar ta kalle ta sama da ƙasa, ta ɗan yamutsa fuska, ta ce: "Demasiado sofisticado para mí." Suka wuce. Ma'anar maganarta ita ce abin ya yi mata yawa, amma muryarta ba ta mai jin ba ta kai ba ce. Murya ce ta mai cewa ƙaƙale ya yi yawa. Da yamma kuma na buɗe jarida a ɗakin shan gahawa, na ga an rubuta un sofisticado sistema, wato tsari mai sarƙaƙiya, a labarin wasu 'yan damfara da aka kama. Babu turare a nan, babu riga. Yini ɗaya, kalma ɗaya, fuska uku.

Washegari na nufi wurin da ake yanke hukunci kan kalmomin Sifaniyanci. Hukumar harshen, Real Academia Española, an kafa ta a 1713, kuma gininta na yanzu yana titin Felipe IV, bayan gidan tarihi na Prado, kusa da lambun Retiro. Gini ne na jan bulo mai ginshiƙai a gaba. Ba sai ka shiga ba, domin ƙamus ɗinta yana intanet kyauta, kuma a kan benci a gefen ginin na karanta abin da ta ce. Ma'ana uku ta ba wa sofisticado, daidai da abin da na ji a titi, sai dai jerin ne ya ba ni mamaki. Ta farko: abin da ya rasa ɗabi'arsa ta asali, wanda aka ƙaƙaba wa wayewa da gangan. Wato feleƙe, ko iyayi. Ta biyu: mai kyan tsari, wayayye. Ta uku, game da na'ura ko wani tsari: mai sarƙaƙiya ko wanda ya ci gaba ta fuskar fasaha. Zargin ne a gaba, yabon yana biye.

Dalilin haka yana cikin asalin kalmar. Daga Girkanci ta fito, daga sunan malaman nan na Atina da suke koyar da iya magana a biya su, waɗanda abokan hamayyarsu suka zarga da mayar da ƙarya ta yi kama da gaskiya. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanci ilimin manɗiƙi ya san kalmar safsaɗa, hujjar da take da siffar gaskiya alhali ruɗi ce. Tushensu ɗaya: Larabawa sun aro ta daga Girkawa ta tasu hanyar, Turawa ma ta tasu. A tsohon Sifaniyanci, aikatau sofisticar yana nufin yin algus, kamar mai surka nono da ruwa ko mai haɗa man gyaɗa da wani mai. Ma'anar wayewa da ta ci gaban na'ura daga baya suka shigo, a ƙarni na 20, da tasirin Ingilishi. Tsohon warin algus ɗin bai gama fita daga jikin kalmar ba, kuma shi ne abin da na ji a muryar matar nan ta titin Serrano.

Na yi mako guda ina zuwa wata ƙaramar makarantar koyon harshe a tsakiyar birni, awa biyu kowace safiya. Malamarmu mace ce mai kimanin shekara hamsin, kuma tun ranar farko ta hana a ce mata señora ko usted, kalmomin girmamawa; a can ɗalibi yana kiran malaminsa da sunansa tsagwaronsa, abin da bakina ya ɗauki kwana uku kafin ya saba. Da na kawo mata kalmar, sai ta mayar da ita darasin ranar.

Ta fara da furuci. Gaɓa biyar ce: so-fis-ti-ca-do, kuma nauyin murya yana kan ta huɗu, wato ca. Bahaushe yana da tarko uku a nan. Na farko harafin f. Namu da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa wani lokaci yake fita kamar p, a bakin mutanen yamma kuma kamar h. Nasu sai haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa. Na biyu, harshenmu yana son cusa wasali tsakanin baƙaƙe, sai ka ji an ce so-fi-si-ti-ka-do, gaɓa shida. Dole s ta manne da t babu komai a tsakani. Na uku shi ne d ta ƙarshe. Ba irin tamu ta "dawa" ba ce mai ƙarfi. Mai laushi ce, kusa da zalun na Larabci, harshe yana ɗan leƙowa tsakanin haƙora ba tare da ya danne ba. Kuma ba a jan wasali. Mu da muke bambanta gajere da dogo, muna son mu ja ca ɗin mu ce kaa. Ƙarfafa ta za ka yi, ba ja ba.

A rubutu da f ake rubuta ta. Sunan da aka ciro daga gare ta shi ne sofisticación, da ɗigon karin murya a kan o ta ƙarshe, amma a jam'i ɗigon yana faɗuwa: sofisticaciones. A Madrid c ɗin da ke cikin -ción kamar sa'un mai ɗigo uku ta Larabci ake furta ta, harshe tsakanin haƙora. A Kurɗuba da Sabiliya, biranen kudancin Sifaniya, da duk ƙasashen Latin Amurka s ce kawai.

Wajen jinsi kuwa Bahaushe ya fi mai jin Ingilishi sa'a, don mun riga mun saba da wayayye, wayayya, wayayyu. Bambancin kawai su jam'insu ma yana rarrabe jinsi, don haka siffa huɗu ce: sofisticado ga namiji, sofisticada ga mace, sofisticados ga maza, sofisticadas ga mata. In maza da mata suka haɗu, na maza ake amfani da shi, ko da namiji ɗaya ne cikin mata goma. Inda sa'ar take juyewa ta zama tarko shi ne sunayen da suka ƙare da -a. A Hausa mafi yawansu mata ne, a Sifaniyanci ma haka, sai mutum ya saki jiki. To amma sistema da programa da problema maza ne, saboda daga Girkanci suka zo. Kuma da yake sistema ita ce kalmar da sofisticado ta fi yawan rakiya, kuskuren da za ka fi yi shi ne ka ce una sistema sofisticada. Daidai shi ne un sistema sofisticado. Wani tarkon kuma gente, wato mutane. A wurinmu jam'i ce, a wurinsu tilo ce kuma mace: gente sofisticada, ba sofisticados ba.

Mazaunin siffar a jimla yawanci bayan suna ne: una máquina sofisticada, kamar yadda muke cewa "mota sabuwa". Idan aka kawo ta gaba, kamar un sofisticado sistema da na gani a jarida, salon rubutu ne na 'yan jarida da masu talla. Wanda ya yi haka a hirar baki zai yi kama da mai karanta labarai a rediyo.

Sai babban al'amarin, ser da estar. Aikatau biyu ne da duk suke nufin kasancewa, kuma masu koyo daga Ingilishi suna shan wahalarsu. Mu muna da abin da ya yi kama da su. Idan ka ce "Ɗan gayu ne", halinsa ka faɗa. Wannan shi ne es elegante, da ser. Idan ka ce "Yau ka sha ado" ko "Ka yi kyau yau", yanayin wannan lokacin ka faɗa. Wannan shi ne estás elegante, da estar. Da sofisticado, ser aka fi amfani da shi, musamman ga na'ura da tsari. In ka ce wa mace estás muy sofisticada, za a fahimta, amma malamar ta ɗaga gira ta nuna mana yadda ake faɗinsa: akwai zolaya a ciki, kamar ka ce wa ƙanwarka "Kai, yau kuma Turawa aka zama?" Tsakanin ƙawaye ya wuce. Ga matar da ba ka saba da ita ba, ko uwar gidan da ya gayyace ka cin abinci, kada ka kuskura. Abin da ake cewa shi ne está usted muy elegante ga wanda ake girmamawa, ko qué elegante vas ga aboki. Elegante ma ta fi sauƙi, don ba ta canzawa tsakanin namiji da mace, jam'inta kawai elegantes.

Ƙananan kalmomin da ake sa mata a gaba su ne suke nuna inda mai magana ya dosa. Muy sofisticado na iya zama yabo ko akasinsa, sai ka duba fuska. Demasiado sofisticado kullum suka ce. Poco sofisticado a kan na'ura yana nufin ba ta da wani ci gaba, a kan mutum kuwa raini ne cikin ladabi. Nada sofisticado kuma, wadda za ka zaci ita ce mafi muni, sau da yawa alfahari ce, kuma sai da na je kudu na gane haka.

Kafin na bar Madrid na je Lavapiés, tasha a kan layi na 3, unguwa mai gangara da matsattsun tituna inda 'yan Senegal da Bangaladash da Maroko suke da shaguna. Tafiyar ƙafa daga can zuwa Serrano ba ta kai awa guda ba, amma kalmomin da ake amfani da su sun sha bamban. A Lavapiés ba za ka ji an kira mutanen unguwar Salamanca sofisticados ba. Pijos ake ce musu, wato 'yan hutu, 'ya'yan masu da shi, waɗanda ake gane su da irin rigarsu da yadda suke jan magana. Ba zagi ba ne mai zafi, amma ba yabo ba ne, kuma baƙo ya bar wa 'yan gari ita, domin a wasu yankuna tana da ma'anar batsa. Kowace ƙasa da tata: a Meziko fresa, a Ajantina cheto, a Kolombiya gomelo, a Peru pituco, a Benezuwela sifrino, a Chile cuico. Akwai kuma cursi, wanda yake ƙoƙarin nuna wayewa amma abin ya zame masa abin dariya, da hortera, mai ado mai ihu, wanda ya tara launi da ƙyalƙyali yana ganin ya kece raini. Finolis shi ne mai yanga wajen cin abinci da magana. Yawan kalmomin da suka ware domin yi wa mai feleƙe ba'a ya isa ya nuna maka yadda suke kallon abin.

Daga tashar Atocha jirgin ƙasa mai gudu yana kai ka Kurɗuba cikin ƙasa da awa biyu. Wannan layin, da ya wuce har Sabiliya, shi ne na farko irinsa a Sifaniya, an buɗe shi a 1992. Bayan Puertollano jirgin yana kutsawa ta ramuka a tsaunukan Sierra Morena, sai ka fito cikin ƙasar zaitun.

Zaitun ɗin ne ya koya mini refinado. A kan mutum ko ɗanɗano, kalmar yabo ce mai tsafta fiye da sofisticado: gustos refinados, wato zaɓin wanda ya san abu mai kyau. Amma a kan kwalbar mai, akasin haka take. Man da ya fi daraja shi ne aceite de oliva virgen extra, wanda aka matse da inji kawai babu sinadari, kuma tsaminsa bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba. Wanda aka rubuta masa aceite de oliva kawai, in ka karanta ƙananan haruffa za ka ga gauraye ne na man da aka tace a masana'anta, wato refinado, da ɗan na asali. Shi ya fi araha, kuma ba shi da ƙamshi. Haka sukari: azúcar refinado shi ne fari. Don haka wanda ya shiga kanti a Kurɗuba ya nemi mai refinado yana zaton mafi kyau yake nema, na ƙasa za a miƙo masa.

Kurɗuba garin fino ne, kuma wannan kalmar ta fi kowacce bukatar a tsaya a kanta. Asalin ma'anarta siriri, marar kauri, mai laushi. Daga nan ta zama aikin hannu mai kyau, sannan mutum mai ladabi da sanin ya kamata. A tsohuwar unguwar da ke kewaye da babban masallaci akwai maƙeran azurfa masu aikin filigrana. Na tsaya a wani ɗan shago ina kallon wani dattijo da gilashi a ido. Zaren azurfa ne siriri kamar gashi, ya murɗa biyu wuri guda, ya bi da su ta cikin inji suka baje, sannan da ɗan hantsaki yana naɗa su yana cusawa cikin firam ɗin ɗan kunne, kowane lanƙwasa yana riƙe da na kusa da shi. Bayan ya cika firam ɗin sai ya barbaɗa garin da ke liƙe ƙarfe ya bi da wuta. In wutar ta yi yawa zaren ya narke ya dunƙule, in ta yi kaɗan ya warware a hannun mai saye. Na gwada kalmata na ce muy sofisticado. Bai ɗago ba, ya ce: "Fino. Es un trabajo fino." Ya gyara mini ne, kuma yana da gaskiya. Aikinsa ba shi da sarƙaƙiyar na'ura, kayan aikinsa ba su wuce biyar ba. Abin da ke ciki laushin hannu ne da haƙuri. A shagunan da ke kusa ana sayar da fatar da aka yi wa ado da zinariya da azurfa, sunanta guadamecí, kuma sunan daga Gadamas ya samo asali, garin nan na Libiya da fatakensa suka daɗe suna zuwa Kano.

Amma ga gargaɗi ga Musulmi. A Andalus, idan aka sa un a gaban kalmar aka ce un fino, ba siffa ba ce kuma, sunan giya ne: farar giyar inabi mai ƙarfin kusan kashi 15 cikin ɗari, wadda ake yi a Jerez da kuma Montilla kudu da Kurɗuba. Idan mai hidima a gidan abinci ya tambaye ka "¿Un fino?", ba yabon tarbiyyarka yake ba. Amsar ita ce no, gracias, agua, wato a'a, na gode, ruwa. Kuma wanda ya ce algo fino yana nufin a kawo masa wani abu mai kyau, zai iya ganin ƙaramin kofi mai sanyi a gabansa. Akwai kuma no estoy fino, wadda ba ta da alaƙa da ladabi: tana nufin yau jikina ba daidai yake ba, ko hannuna ba ya faɗa mini daidai. Masu sharhin ƙwallo suna yawan faɗar haka a kan ɗan wasan da ya zubar da dama.

A wani ƙaramin gidan abinci, da misalin ƙarfe biyu da rabi, lokacin da suke cin abincin rana, na nemi salmorejo. Miya ce mai sanyi mai kauri wadda garin yake tinƙaho da ita. Ma'auninta sananne ne: tumatir kilo 1, burodi giram 200, man zaitun giram 100, tafarnuwa ƙwaya 1, gishiri giram 10. Ana niƙa tumatir a tace 'ya'yan da ɓawon, a jiƙa burodin a ciki, a sake niƙawa da tafarnuwa da gishiri, sannan a riƙa zuba man a hankali injin yana juyawa har launin ya koma ruwan lemo. In aka zuba man gaba ɗaya ba ya haɗewa, sai ya taso sama. A bisa al'ada ana barbaɗa mata dafaffen ƙwai da jamón, wanda naman alade ne, don haka tun wajen oda za ka ce sin jamón. Mai gidan, da ya ajiye kwanon, ya buɗe hannuwa ya ce: "Aquí, nada sofisticado. Todo sencillo." Wato mu nan babu ƙaƙale, komai mai sauƙi ne. Ba haƙuri yake ba ni ba. Kirari yake yi wa kansa.

Abin da yake nesanta kansa da shi sananne ne a ƙasar. Sifaniya ce ta fitar da Ferran Adrià, mai gidan abincin elBulli da ke gaɓar tekun Kataloniya, wanda aka rufe a 2011. Shi ya shahara da zaitun ɗin da ba zaitun ba: ruwan zaitun ne ake ɗigawa cikin wani sinadari da aka samo daga ciyawar teku, sai ya yi fata siririya ya dunƙule kamar ƙwayar zaitun, ya fashe a baki. Irin wannan girki shi ake kira cocina sofisticada, kuma a kanta kalmar ta zauna daram da ma'anoninta uku a lokaci guda, har da tsohuwar ta abin da yake kama da wani abu alhali ba shi ba ne.

Sencillo kuwa, a kan mutum, na lura tana daga cikin manyan yabo. Es una persona muy sencilla daidai take da mu ce mutum ne mai sauƙin kai, duk da abin da Allah ya ba shi. Kada a haɗa ta da simple, wadda a kan mutum tana iya nufin marar wayo. Sauran 'yan uwan a taƙaice: culto shi ne mai ilimi da karatu, educado ba mai digiri ba ne, mai tarbiyya ne, distinguido ta dattako ce, an fi ganinta a buɗe wasiƙar hukuma, exquisito a kan abinci ko karɓar baƙi yabo ne babba, amma a kan mutum tana nufin mai tsirfa, wanda ba a iya masa.

Babban masallacin Kurɗuba, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen shekarar 785, coci ne tun 1236, kuma masu gadi ba sa barin a yi salla a ciki. Mai yi mana jagora ta yi amfani da kalmomin nan biyu a wurare daban, kuma na lura da inda ta sa kowacce. Da take bayanin baka mai hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, dabarar da ta ba magina damar ɗaga rufi sama alhali ginshiƙan da suka samu gajeru ne, sai ta ce una solución sofisticada. Da muka isa mihrabin da Alhakam na Biyu ya ƙawata da ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinariya, aikin gwanayen da aka aiko daga Rumawan Gabas, sai ta koma refinado da exquisito. Haka da ta ambaci Ziryab, mawaƙin da ya iso garin daga gabas a 822, wanda ake danganta masa tsarin kawo abinci kashi-kashi da sauya tufafi bisa yanayin shekara, corte refinada ta ce, wato fada mai wayewa. Dabara ta samu sofisticado, kyau ya samu refinado.

Daga Kurɗuba zuwa Garnaɗa jirgi yana bi ta Antequera, kusan awa ɗaya da rabi, gonakin zaitun hagu da dama har iya ganinka. Tikitin Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi ta Garnaɗa, sai an saya tun da wuri, da sunanka a jiki, kuma ana duba fasfo a ƙofa. Sashen fadojin Banu Nasr, zuriyar sarakunan da suka gina ta, yana da lokacin shiga da aka rubuta a tikitin. Wanda ya makara ya rasa.

A nan ma'ana ta uku ta fito fili. Fadar tana kan tudu, kogin Darro yana can ƙasa a kwari, kuma babu injin tura ruwa a ƙarni na 13. Abin da Muhammadu na Ɗaya, Ibnul Ahmar, ya sa aka yi bayan ya zauna a garin a 1238 shi ne a tare kogin can sama, kimanin kilomita 6 daga fadar, a wurin da ya fi tudun tsayi. Daga nan aka haƙa magudana tana bin gefen dutse da gangara kaɗan-kaɗan. In gangarar ta yi yawa ruwan ya ci bakin magudanar, in ta yi kaɗan ya kwanta yashi ya toshe ta. Sunanta Acequia Real, kuma acequia ita ce as-saƙiya ta Larabci. Tana fara shayar da lambunan Generalife, ta tsallaka kan gada ta shiga cikin ganuwa, sannan ta rarrabu zuwa tafkuna da wuraren wanka da tankunan ajiya. Har farfajiyar zakuna take kaiwa, inda zakuna 12 na farin dutse suke ɗauke da kwano mai baitocin Ibnu Zamrak a bakinsa, ginshiƙai 124 suna kewaye, ruwa yana bin ƙananan hanyoyi huɗu zuwa ɗakuna.

Jagoranmu na ranar ɗan garin ne, kuma mutanen kudu suna haɗiye d ɗin da ke cikin -ado gaba ɗaya, s ɗin tsakiyar kalma ma tana zama ɗan huci. Don haka da ya tsaya a bakin magudanar ya ce tsarin ruwan muy sofisticado ne, abin da ya fito daga bakinsa ya fi kama da sofihticao. Na ɗauki daƙiƙa biyu kafin na gane kalmar da na yi mako ina gyara furucinta ce. Ga baƙo, gara ya riƙe d ɗinsa mai laushi: a bakin ɗan gari haɗiye ta ɗabi'a ce, a bakin mai koyo kuwa kwaikwayo ne, kuma a rubutu ba ta da wuri.

A saman lambunan Generalife akwai wata matakala da ake kira Escalera del Agua. Hawa uku ce a ƙarƙashin inuwar itatuwa, kuma a kan katangar da ake dafawa ta kowane gefe an yi kwalbati da tayil ɗin rufi da aka kifar da bayansa, ruwa yana gangarowa a ciki daidai tsayin hannu. Wata 'yar Meziko da ke cikin ayarinmu ta tsoma yatsunta ta ce qué sofisticado. Jagoran ya girgiza kai, ya nuna can sama inda magudanar ta fito, ya ce wancan ne sofihticao. Wannan kuwa tayil ne da gangara. Ruwan yana da sanyi ƙwarai, ko da yake rana ta take.